Shekarar da Na Kira Balkisa Gida

Da sunan Allah nake shiga wannan babin, ko da yake na fi wata biyu ina kewaye shi. Na rubuta muku labarin Tabla inda aka haife ni, na rubuta aurena da kakanku da zuwanmu Filinge, duk waɗannan sun zo mini da sauƙi kamar ina hira a tsakar gida. Wannan kuwa sai in ɗauki alƙalami in ajiye, in tashi in nemi wani aikin da ba wanda ya sa ni. Abin da ya zaunar da ni yau, ranar kasuwar da ta wuce na ji ɗayanku, ba zan faɗi sunansa ba, yana kiran gwaggonku Balkisa "Dokta saura kaɗan", sauran suna dariya. Ita ta yi murmushi ta wuce ɗaki da takardun ɗalibanta a hannu. Ban tsawata muku ba, don na san ba ku kuka ƙago sunan ba, a bakin manya kuka tsince shi. A garin nan wasu na cewa karatun ne ya fi ƙarfinta ta gudo, wasu kuma na cewa uwarta ce ta cece ta daga annoba, har suna yaba mini. Duka biyun ba gaskiya ba ne, kuma ni kaɗai da yayata Gambi muka san yadda aka ƙulla abin tun farko. Gambi ta rasu bara. Saura ni.

Balkisa ita ce autata, tana da shekara uku kakanku ya rasu. Ba zan jera muku makarantun da ta yi ba, don ni ma ban riƙe sunayensu ba. Ta tafi Yamai, daga can aka ba ta tallafin karatu zuwa ƙasar Turawa, shekara huɗu, don ta dawo da babbar takarda, wadda ake kiran mai ita dokta. Ni kuwa kun san ni. Balleyara ma sai dole ke kai ni, Yamai sau biyu na je duk rayuwata, duka biyun da ciwon kai na dawo. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, rani uku, shi ne wannan rubutun da kuke gani yana hawa yana sauka. Amma Allah ya ba ni kunne. In na ji magana sau ɗaya ta zauna, da muryar mai ita da tarinsa da inda yake jan numfashi. Tun ina yarinya mata ke tara ni in yi musu muryar mai unguwa ko ta mahaucin bakin kasuwa, su yi ta dariya har su riƙe ciki. Da Balkisa za ta tafi ta bar mini waya, ta nuna mini inda zan danna in yi magana in saki. Kowace Juma'a sai saƙon muryarta ya iso, wani lokaci kuma ta kira. Ni ce na matsa mata ta gaya mini aikin da take yi, don mata na tambayata ina rasa amsa, sai in ce likita take koyo, alhali ba shi ba ne.

Ta ce, "Inna, kin tuna ƙuduji a gonar Tabla?"

Na ce, "Mi zai mantar da ni? Shi ya cinye mana hatsin gefen gabas shekara uku a jere."

"To irinsa yana kwance cikin ƙasa shekara da shekaru bai tsiro ba, sai ya ji saiwar hatsi kusa da shi. Akwai wani ɗan abu cikinsa, furotin ake ce masa, yana cikin abubuwan da ke sa ya ji. Siffarsa nake son gani. In an san siffarsa, ana iya neman abin da zai toshe shi."

"Ki ɗora shi a madubin likita mana ki duba."

Ta yi dariya ta ce ya fi ƙarfin kowane madubi ƙanƙanta. Sai ta yi mini bayani, ba rana ɗaya ba, Juma'a bayan Juma'a, ni kuma ina tarawa. Ta ce sai an tace abin nan an ɗiga shi ɗigo-ɗigo a wani faranti mai ramuka, a rufe, a yi ta jira har ya daskare ya zama ƴan ƙwayoyi kamar na gishiri, waɗanda ido ba ya gani sai da madubi. Wani ɗigon mako biyu, wani wata uku, mafi yawa ba ya yin komai. In ƙwaya ta fito, sai a tsamo ta da wani ɗan zobe mai sirantakar gashi, a tsoma ta cikin sanyi mai tsanani, a aika da ita wani babban inji zagayayye, wanda ta ce ya fi kasuwar dabbobin Balleyara faɗi. Can ake haska mata wani haske mai ƙarfi, hasken ya ratsa ta ya fantsama ya bar ɗige-ɗige a allo. Injin nan ba na makarantarsu ba ne, mutane daga ƙasashe da yawa ke bin layinsa, su sau biyu ko uku a shekara layi ke zuwa kansu. Kuma ɗige-ɗigen nan ba hoto ba ne tukuna, rabin labari ne, ɗaya rabin yana ɓacewa a hanya. Don a cike shi sai a aro siffar wani furotin da aka riga aka sani, ɗan'uwan wanda ake nema, a ba na'ura ta yi ta juya shi tana gwadawa har ya zauna daidai da ɗige-ɗigen. Daga nan a riƙa gyara na aron har ya koma na gaskiya.

Ta ce, "Matsalar, Inna, akwai lambar da ke nuna kaifin awo, kuma ƙarama ta fi kyau. A biyu ana ganin komai tar. Nawa ya tsaya a huɗu da ɗan ɗoriya. A huɗu kamar ki hango mutum ne daga ƙarshen gona, kin san mutum ne, ba ki san ko wane ne ba. Da ɗan'uwan da na aro na kusa ne, ciki ɗaya, ko a huɗu zai zauna. Nawa dangin nesa ne, kashi ɗaya cikin huɗu kawai suka yi kama."

"To na'urar ta ƙi shi?"

"Da ta ƙi shi ma da na huta. Ta ba ni wata amsa mai rauni. Ina dubawa sai in ga hoton ya yi kama da na aron sak, har wurin da nake zaton ya kamata su bambanta. Ban sani ba ko abin nawa nake gani, ko abin da na sa mata ne take mayar mini."

Da ta faɗi haka sai na ɗaga kai na dubi bangon ɗakina. Kun san hoton kakanku da ke rataye sama da gado. Hoto ɗaya tak ya bari a duniya, na katin shaidarsa, shi ma ruwan sama ya taɓa jiƙe shi fuskar ta dushe. Bayan rasuwarsa na kai wa mai hoton bakin kasuwa ya ƙara masa girma. Ya juya shi ya juya, ya ce ba abin kamawa a ciki, amma in akwai ɗan'uwansa mai kama da shi a kawo hotonsa, zai cike da shi. Aka kai na ƙanensa Mamman. Da hoton ya dawo kowa ya ce masha Allah, shi ne, kamar zai yi magana. Ni kuwa na duba shi da kyau. Hular tasa ce, rigar tasa ce, amma baki da kunnuwa da yadda idon ke kallon mutum duk na Mamman ne. Sai na kwashe wannan na gaya wa Balkisa, ina murna na gane karatu. Na manta ita ba ta san fuskar ubanta ba sai ta wannan hoton.

Can ta ce, "Ashe Baba Mamman nake gaisarwa duk shekarun nan."

Na ce, "Hular dai tasa ce, ɗiyata."

Ta ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ta ce, "Kin gane aikin fiye da wasu ƴan ajinmu, Inna. Shi ya sa ba zan miƙa shi haka ba. Sai na sami ƙwayar da za ta sauko ƙasa da uku, wadda za ta iya ƙaryata na aron in ya yi ƙarya."

Wannan neman shi ya hana ta zuwa gida. Shekara ta farko ta ce kuɗin jirgi, na yarda. Ta biyu ta ce bayan awon nan, ta uku ta ce bayan awo mai zuwa. Na yi mata kilishi sau biyu na aika ta hannun mutane, na ajiye mata zane na sallah uku a akwati. Na san muryarta in awo ya ɓaci tun daga sallama, tana jan "Inna" ɗin ta yi ƙasa. A shekara ta huɗu, bayan an gama girbi, ta canza wani abu a haɗin ɗigon, kuma wajen ƙarshen sanyi sai ga saƙonta da wata murya da na daɗe ban ji ba. Ta ce ƙwayoyi sun fito a ramuka biyar, masu kauri, masu kaifin gefe, ba irin na da masu kama da ɓawon albasa ba. Ta ce suna girma, ba ta son taɓa su sai ranar ƙarshe. Ranar Laraba mai zuwa za ta tsamo su a aika, ranar Asabar layinsu a babban injin, kuma shi ne layi na ƙarshe kafin tallafinta ya ƙare. Ta ce in yi mata addu'a. Na ji duk wannan, na fahimce shi, na riƙe ranakun. Ina so ku san haka, kada wani ya ce muku tsohuwa ce ba ta san abin da take yi ba.

A makon nan abubuwa uku suka haɗu mini. Maƙwabciyarmu, wadda muka yi shekara talatin muna miƙa wa juna wuta ta saman katanga, ta faɗi a bakin murhu da safe, kafin azahar ta cika. Ɗanta yana Libiya, ta waya aka gaya masa, na ji kukansa ta wayar da kunnena. Sannan rediyo ya fara maganar wata cuta da ke kashe mutane a ƙasashen Turawa, kullum ana ƙara ambaton garuruwa. Ni kuma zazzaɓi ya kama ni kwana biyu, na sha magani ya sake ni. Ranar Lahadi ina zaune na warke sarai, yayata Gambi ta shigo ta same ni ina kuka. Gambi ta girme ni da shekara shida, tun mutuwar mijinta take zaune a ɗakin da ke kusa da nawa, kuma duk rayuwata ban iya musa mata ba.

Ta ce, "Kukan mi kike yi? Ke kika haife ta ko gishirin nan ya haife ta?"

Na ce, "Yaya, saura mako ɗaya ta gama. Ta ce bayan Asabar."

"Bara ma Asabar ta ce. Ke dai zauna nan har a kira ta a waya kamar ɗan maƙwabciya, ko ke a kira ki a ce an rufe ta can inda ba mai yi mata wanka. Ɗiya mace shekara huɗu, kina ta kilishi."

"In na ce ta taho ba ta tahowa."

"Wa ya ce ki ce ta taho? Ki nemi gafararta. Ba ki yi ƙarya ba, kowa na neman gafara."

Ku yara ba lalle ku san nauyin wannan ba. A wurinmu uwa ba ta neman gafarar ɗanta haka kawai da rana tsaka. Magana ce ta mai shirin tafiya. Na ji ta a bakin tawa uwar a Tabla, kwana ɗaya kafin ta cika, kuma kunnen nan nawa ya ajiye ta yadda take, da shaƙewar murya da tsayawar numfashi tsakanin kalma da kalma. Na shiga ɗaki da hantsi, rana na haskawa ta taga, awaki na kuka a waje. Na zauna bakin gado na danna wayar. Na ɗauko muryar uwata na sa a bakina. Na ce, Balkisa, ɗiyata, ki yafe mini duk abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ni na yafe miki nonona duniya da lahira, Allah ya yi miki albarka. Na saki. Sau ɗaya na yi, bai buƙaci gyara ba. Gambi ta karɓi wayar ta kashe ta, ta tura ta ƙarƙashin katifarta. Balkisa ta kira yayanta Sumaila, uban wasunku, yana Abala wajen kasuwancinsa. Shi kuma ya kira wayar maƙwabta aka ba Gambi, ta ce masa jiki sai addu'a. Bai san komai ba, abin da aka gaya masa ya gaya wa ƙanwarsa.

Mun yi lissafin za ta iso ranar Alhamis, na shirya zan kwanta in lulluɓa. Sai ta sami jirgi tun ranar Litinin, ta kwana Yamai, ta shigo motar farko. Ranar Talata da la'asar mata huɗu na zaune a tsakar gidan nan muna ɓarar gyaɗa, ina yi musu muryar mahauci yana rantsuwa a kan naman jiya, har da yadda yake tsartar da yawu. Dariya ta cika gida. Na ga matar da ke fuskantar ƙofa ta daina dariya, na waiga. Balkisa ce tsaye a bakin zaure, da ƴar jaka ɗaya a kafaɗa, da rigar sanyin can har yanzu a jikinta cikin zafin nan, idanunta sun kumbura. Ban san tsawon lokacin da ta yi a tsaye ba. Ta tako a hankali ta durƙusa gabana kamar yadda aka koya mata.

Ta ce, "Inna, ya jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ta dubi gyaɗar da ke cinyata, ta dubi matan, ta ce, "Na gani. Alhamdu lillahi."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan a kan maganar, ranar da kuma bayanta. Na so ta yi faɗa, ta fasa kwano, ta kira ni da sunan da ya dace da ni. Sumaila shi ya yi faɗan da ya iso, har ya yi wata uku ba ya shiga ɗakin Gambi gaisuwa. Ita kuwa ta wanke fuska, ta ci tuwon da na tuƙa mata, ta ce ya yi daɗi. Washegari Laraba tun safe tana tsaye gindin dogon yaro inda waya ta fi kamawa, tana magana da wata abokiyar aikinta da ta roƙa ta tsamo mata ƙwayoyin. Ba na jin Faransanci, amma na ji muryar. Da farko tana yi a hankali kamar mai koya wa yaro ɗaukar ƙwai, sai ta yi sauri, sai ta sauke wayar. Daga baya ta gaya wa Sumaila, ina jin su, cewa ƙwayoyin nan suna da wani hali, sai an bi da su ta ruwa uku a jere kafin sanyi, kowanne da ɗan lokacinsa, kuma hannunta ne kawai ya saba. Abokiyar ta yi iya ƙoƙarinta. Uku sun tsage a zoben, ɗaya ta kai injin ta ba da abin da bai kai na da ba. Rami ɗaya ya rage ba a buɗe ba, aka ce a bar mata shi ta dawo.

Ta ce tun da layin ya wuce, bari ta yi mako biyu. Na yi murna, Allah ya gani, na yi murna har na yanka kaza. Cikin mako biyun nan aka rufe hanyoyi saboda korona, jirage suka tsaya, makarantarsu ma aka kulle ta wata da watanni. Da aka buɗe, abokiyar ta aiko mata hoton ramin nan na biyar, ya bushe ya zama ɓawon fari. Tallafin ya ƙare, takardar zamanta a ƙasar ta mutu. Madam ɗin da ke duba aikinta mutuniyar kirki ce, ta yi ta rubuce-rubuce tana nema mata ƙarin shekara, ba a samu ba. Sai ta ce mata ko za ta rubuta littafin kammala karatun daga nan da awon huɗun nan da take da shi, a gwada miƙawa. Damina guda Balkisa ta yi a gindin dogon yaron nan da na'urarta a cinya, tana juya wani abu mai kama da hayaƙi a allon, tana sa na aron tana cirewa. In wuta ta ɗauke ta zauna ta zuba wa allon ido har ya mutu. Rannan na kai mata fura na tsuguna kusa da ita.

Na ce, "Ɗiyata, ki ba su haka nan mana. Su wa za su gane? Ke da kanki kin ce ya yi kama."

Ta ce, "Ba wanda zai gane, Inna, sai bayan shekaru."

"To?"

"Wani zai ɗauka ya yi shekara huɗu yana neman maganin ƙuduji a kan siffar da ba tasa ba. Wataƙila ma ɗan wata ne irinki."

Ta karɓi furar ta sha. Bayan sallar layya ta rubuta wa madam ɗin ta ce ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta gani ba, in ba siffar kuma sauran aikin bai kai a ba da takarda a kansa ba. Ta rufe na'urar ta sa a akwatin da na tara mata zannuwa. Ta nemi koyarwa a lise ɗin garin nan, wato makarantar sakandare, aka ɗauke ta, shi ne aikin da kuka san ta da shi. Gambi har ta mutu tana cewa mun yi daidai, ga yarinya a gida da ranta, mutane nawa cutar ta kashe a can. Wataƙila. Amma ni na san ba cutar ce ta sa na danna wayar ba, da ita ce da na ce mata ta taho saboda cuta. Ina son in ji motsinta a gidan nan ne kawai. To na samu. Kullum da safe ina jin ƙarar bokitinta, ina jin takunta ta fita, ina jin dawowarta. Ba ta taɓa fasa gaishe ni ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, in na yi tari ita ke fara zuwa da ruwa. Sai dai muryar nan da ta aiko mini ranar da ƙwayoyin suka fito, ban sake jin ta ba, kuma ni mai kunne ce, da ta fito ko sau ɗaya da na kama ta. Tun ranar nan ta Talata ban sake yi wa mata muryar kowa ba. Suna roƙo in ce haƙorana sun zube.

Bara, bayan arba'in ɗin Gambi, ta dawo daga makaranta da azahar ta zauna kusa da ni a tabarma, abin da ba ta saba ba. Ta miƙo mini wayarta. A allon akwai wani abu kamar zaren saƙa masu launi da aka murɗa aka tufke, shuɗi da kore da ja, tana taɓa shi da yatsa yana juyawa.

Ta ce, "Ga shi, Inna. Kin daɗe kina jin labarinsa."

Na ce, "Naki ne?"

"Shi ne dai. Wasu ne a wata ƙasa suka fitar da shi. Yanzu ma an sami na'urar da ke ƙago siffar aro mai kyau cikin yini ɗaya, ba sai an je neman dangin nesa ba. Ko da awo irin nawa sai ya zauna."

Na riƙe wayar da hannu biyu. Ban ga komai a ciki da zan gane ba, amma na daɗe ina kallo, don shekara huɗun ɗiyata ne a tafin hannuna. Ƙasan hoton akwai jerin sunaye da ƙananan baƙaƙe. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, da karatuna na rani uku, ko da yake na san abin da ba zan samu ba. Ta bar ni har na kai ƙarshe.

Na ce, "Ya yi kama da wanda kika ƙi miƙawa?"

"Gefe ɗaya ya yi. Wurin da nake shakka kuwa ba haka yake ba sam. Da na miƙa, da ƙarya na miƙa."

Na ji daɗin wannan kaɗan, na ce ko ita ma ta ji. Sai na yi tambayar da na yi shekaru ina haɗiyewa. Ban dube ta ba, tabarma na duba.

"Da na bar ki kin kai Asabar ɗin nan, da ƙwayoyin sun sauko ƙasa da uku?"

Ta karɓi wayarta ta kashe allon. Na san tana iya ce mini a'a don in sami barci, kuma na san ba za ta faɗa ba, tun da ba ta yi wa Turawa ƙarya ba balle ni.

Ta ce, "Ban sani ba, Inna. Masu kyan gani da yawa ba sa ba da komai. Wasu kuma suna bayarwa. Ba a auna su a hannuna ba, shi ke nan."

Ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta ce tana da aji da ƙarfe uku.